Sunaye Biyu a Bayan Hoton Yaya Indo

Ranar Alhamis, tara ga watan Maris na 1961, cikin azumi, Allah Ya karɓi ran yayata Indo a Gidan Sori. Nasa muke, kuma gare Shi makomarmu take.

Yaya, shekara goma sha shida ke nan da Gulbi ya ci gidan aurenki na tsohon Tibiri. Ba ki fito da kwano ko tabarma ba, sai hoto guda da kika naɗe cikin ɗankwali. Wani mai hoto daga Katsina ne ya ɗauke shi a ƙofar zaure: mutum bakwai, dukansu sun riga ki tafiya. Jikokinki ba su taɓa ganin gidan ba, amma sun san inda rumbu yake da inda rijiya take, domin kin sha zana musu shi da yatsa a ƙasa.

Bara, bayan bikin ƴancin kai, na ce miki lakol, makarantar boko, za ta watsa yaran nan, bari in rubuta sunayen a bayan hoton. Na maigidanki na sani, huɗu kika faɗa. Da na aza yatsa kan tsoho mai rawani da tsohuwar da ke gefensa, sai kika kau da kai.

"Ishaku, da furfurata zan kama sunan surukaina? Boko ya cinye maka kunya."

"To in kin tafi, Yaya, wa zai faɗa?"

Ni ina aiki Damagaram surukan naki suka rasu, ƴaƴanki kuma "Baba" da "Inna" kawai suka tashi suna ji. Na tabbata sunayen tare da ke za a binne su.

Ashe kina da taki hanyar. Ranar kasuwar Agiye kika zaunar da ni kusa da masu jakuna tun hantsi har azahar. Can wani ya ƙwala kira, "Labo!" Kika taɓa hannuna. "Ga takwaran tsoho nan. Rubuta."

Takwarar tsohuwa ce ta ƙi samuwa har kika kwanta ciwo. Kwana biyar kafin cikawarki, wata yarinya daga Sae Sabuwa ta shigo da tallar ƙosai gab da buɗa baki, kika ji ƙawarta ta kira ta. Kika ce wa jikarki Kande, "Aika wa Ishaku, wannan ce." Da saƙon ya iso, na rubuta Barira.

Hoton yana hannun Kande yanzu, sunaye bakwai ɗin sun cika. Jiya na ji ƙannenta suna karanta su da ƙarfi, ba wanda ya yi tuntuɓe.

Ina miƙa ta'aziyyata ga ƴaƴanki Sanda da Balarabe, da jikoki, da mutanen Gidan Sori da suka raka ki. Allah Ya jiƙan ki, Yaya, Ya haskaka makwancinki, Ya ba mu haƙuri. Ya sada ki cikin Aljanna da mutanen nan biyu da bakinki bai taɓa kama sunansu ba, kuma ba ki bari ya ɓata ba. Amin.

Ƙanenki,
Ishaku, Agiye