Ɗinkin da Tsoho Ya Ɓata da Gangan

Duk Jarwal, unguwarmu a Makka, babu wanda bai san Tsoho mai ɗinkin tanti ba. Rabin tantunan da ake kafawa alhazan unguwarmu a Mina ta hannunsa suka bi. Ni Kabo maƙwabcinsa ne shekara goma sha biyar, kuma ban taɓa ganin mutum mai taurin kai irinsa ba. Ko kifi ba ya ci. Ka ambaci teku a gabansa, sai ya tashi ya bar maka wurin.

Yana da dalili. Da shi da iyalinsa suka taso daga tashar jirgin ruwa ta Sawakin za su ƙetaro Jidda a wani ƙaramin jirgi, iska ta cika shira'a, wato ƙyallen nan da ke tura jirgi, ta kifar da su dab da gaɓa. Ya fito da jaririnsa Lurwanu a kafaɗa. Matarsa Shatu ba ta fito ba.

To sai ga Lurwanun nan ya girma ya sami aiki a Jidda, a wani kulob na Turawa masu tseren ƙananan jirage. Daga wanke jirgi har wani Bature ya ɗauke shi abokin tuƙi. A shekarar 1965 shira'arsu ta yage, Bature kuwa ba shi da ikon shiga Makka, sai Lurwanu ya naɗo ta ya kawo.

"Abuya, gyara kawai za ka yi," in ji shi, da yake haka yake kiran uban da Larabci. "Wannan tumbin da ke tsakiya kada ka taɓa shi, shi ke kama iska. Ran Alhamis za a gwada mu, wanda ya yi kyau shi zai shiga tsere."

"To, tayyib," in ji Tsoho, bai ko ɗaga kai ba.

Ina zaune ina kallo ya farke tumbin nan kaf, ya ɗinke shi sumul kamar bangon tanti. Na ce, "Malam Tsoho, ba haka yaron ya ce ba." Ya harare ni, ya ci gaba da ɗinkinsa.

Ran Alhamis da sassafe ya buga mini ƙofa, wai in raka shi Jidda. Mutumin da ba shi da igama, wato takardar izinin zama, bai leƙa wajen Makka ba shekara ashirin! A bayan motar kaya muka tafi, ina noƙewa duk inda muka hangi askari, wato ɗan sanda. Shi kuwa ba askari ne a ransa ba, carbi kawai yake ja.

Mun tarar da jirage bakwai a ruwa, wani mutum a kwalekwale yana busa usur, jiragen suna zagaya wasu jajayen gwangwanaye. Iska na kaɗawa sosai. Duk jirgin da ya juya sai ya kwanta gefe guda, mutanen ciki su zazzago jikinsu waje. Ɗaya ya kife a gabanmu. Tsoho ya damƙe hannuna har sai da na ji zafi.

"Wanne ne nasa? Kabo, dubo mini, idona ba ya gani."

"Ga shi can baya," na ce. "A tsaye yake."

A baya kuwa ya wuni, yana tafiya kamar jakin da ya ƙoshi. Sau uku ana sake zagaye, sau uku yana zuwa na ƙarshe.

Da suka fito, Bature ya shafa ɗinkin, ya girgiza kai, ya wuce. Lurwanu ya nufo mu, idonsa jawur.

"Abuya, lesh? Don me? An cire ni daga tseren. Na ƙarshe na zo!"

Tsoho ya kama rigarsa, ya shafa ta tun daga kafaɗa har ƙasa. A bushe take.

"Na ƙarshe ka zo," ya ce. "Amma ka zo. Uwarka jirginta gudu yake yi."