Ranar da Na Tara wa Kaka Maza

Jiya ƙofar kabad ɗina ta yi wata ƙara, irin ta katakon da ya sha damshi. Ina tsaye a ɗakina a unguwar Uhudu, rana tsaka, mace da 'ya'yanta, amma sai da na ɗaga kai na duba silin. Kar ka yi mini dariya tukuna.

A Madina aka haife ni, amma duk hutu ana kai ni Jidda wurin Kaka, mahaifiyar babana. Tana zaune a Balad, tsohon gari, a can saman wani dogon gida da aka gina da dutsen teku. Dutsen nan laushi gare shi, in ka kankare da farce sai ya zubo kamar gari. Tagarta irin ta katako ce mai huji-huji wadda ta turo kai bisa lungu, roshan ake ce mata. Nan take wuni saboda gwiwoyinta sun daina yarda da matakala. Babana ya yi lallashi har ya gaji a kan ta dawo Madina, ta ce ba za ta iya kwana inda ba a jin warin teku ba.

Hausata a lokacin rabi da rabi ce: a yi mini Hausa, in amsa da Larabci. Abin da ke kaɗawa a waje, da Larabci muke kiransa a gidanmu, hawa muke ce masa. Kalmar iska kuwa ban taɓa jin ta ba sai a bakin mata, murya ƙasa-ƙasa, in ana zancen wata maƙwabciyarmu da ke faɗuwa tana magana da muryar namiji.

Wata rana da la'asar, lokacin sanyi, aka tsuge da ruwa, daga ni sai Kaka. Bangon ya jiƙe ya yi baƙi. Can sai na ji wani nishi daga cikinsa, doguwar ƙara, ya yi shiru, ya sake. Ƙasa ta fara zubowa cikin kofin shayinta. Na ƙanƙame ta ina tambaya mene ne.

"Ke kwantar da hankalinki," in ji ta. "Iska ce. Ta saba shigowa."

Ta saba shigowa! Ban san lokacin da na sake ta ba. Na gangara matakalar nan mai duhu, ina zamewa ina tashi, ina ji kamar ana hura mini numfashi a ƙeya. Tsoro irin na ranar ban sake jin sa ba har yau. Na faɗa lungu cikin ruwa, ba takalmi, ina kurma ihu da Larabci cewa aljani ya kama kakata.

Mai gidan burodi ne ya fara fitowa, sai wasu 'yan dako na tashar jirgin ruwa da suka fake a shagonsa. Suka hau suna a'uziyya, ni ina maƙale a bayansu. Mai burodi ko kallon Kaka bai yi ba, bangon ya tsaya kallo. Tsaga ce daga silin har gindin taga, hannu zai shiga.

"Ya Hajja, sauka za ki yi yanzun nan," ya ce.

A kan kujerarta suka sauko da ita, tana laluben mayafi tana zagina. "Ja'irar yarinya! Iskar Allah nake nufi, mai kaɗawa!" Ba a kira magariba ba roshan ɗin ya ɓalle da rabin bango, ya rufto cikin lungun. Kaka ta kama hannuna ta riƙe.

A Madina ta ƙarasa rayuwarta, cikin ɗakin siminti a unguwar Anbariyya, kullum tana mitar zafi. Har ta koma ga Allah ba ta daina gaya wa baƙi cewa ni ce na tara mata maza kanta ba ɗankwali ba.

Yanzu an gyara Balad. An shafe gidajen da farar ƙasa, an sa fitilu, baƙi na shan gahawa suna ɗaukar hoto. Bara na kai yarana. Gidan Kaka ya yi kyau ƙwarai, har ana barin mutane su hau kallo. Yaran suka ruga sama da gudu suna kirana. Ni kuwa ƙafata ta ƙi taka matakalar farko. Na tsaya a lungun, idona a kan bangon, ina ta addu'a har suka sauko.