Man Giyar Motar Marigayi

Mijina ya rasu ya bar mini yara uku, da mota, da wansa. Yaran da motar ban taɓa kuka da su ba. Wan nasa kuwa, Allah dai ya ƙara mini haƙuri.

Motar tsohuwa ce mai giya otomatik, ta yi tafiya har mitar da ke ƙirga nisa ta gaji ta tsaya tun kafin a haifi autarmu. Duk Asabar da safe, a ƙofar gidanmu a Mairi, marigayi yakan ɗaga bonet, ya zaro gejin man giya, wato siririn ƙarfen nan da ake duba mai da shi, ya shafa a farin hankici. In man ja ne garau kamar zoɓo, sai ya rufe ya ce a kawo shayi. Iyakar ilimin motar da na gada ke nan, na kuma riƙe shi bayan rasuwarsa, da hankicin da komai.

Da damina, ruwa ya cika hanyar makarantar da nake koyarwa, na kutsa da motar har ruwan ya taɓa ƙofa. Da Asabar ta zo na zaro geji, sai na ga abu kamar kunun gyaɗa. Saura mako uku a kafa dutse a kan kabarin mijina a ƙauyensu, can kudancin Borno, ni kuma na yi wa kaina alkawari cewa a motar ubansu zan kai yaran nan.

Na kai ta wurin wani dattijon makanike a Mafoni, Bakanuri, marar yawan magana. Ya murza man a yatsa, ya shinshina.

"Wushe, Malama. Ruwa ya shiga giya. A zubar da man nan, a sa sabuwar filta, bayan mako a sake zubarwa. In kin bari, zai cinye cikin giyar. Ki dawo Litinin, zan nemo filtar."

Tsakanin Asabar da Litinin akwai Lahadi, a nan na yi wautar. A al'adarmu, kayan mamaci ba a yi musu wani babban aiki sai da sanin wansa, har a kafa dutse a raba gado. Don haka bayan an tashi sujada na tare wan mijina a harabar majami'a na gaya masa.

Bari in faɗa muku ko shi wane ne. Tsohon akawu ne, bai taɓa mallakar mota ba, bai taɓa tuƙa ko amalanke ba. Amma yana yawo da zoben makullai yana kaɗa su a yatsa, kuma in ya shiga gidan gaban mota sai ya riƙa taka birki a inda babu birki.

"Me na ji?" in ji shi. "Malama, kina so ki kashe motar ƙanina? Tsohuwar mota ba a taɓa man giyarta! Dattin nan shi ne ƙarfinta. Ranar da aka zuba sabon mai, ranar giya za ta saki."

"Yaya, ba datti ba ne, ruwa ne."

"Ruwa ai bushewa yake. A zafin Maiduguri? Haba!"

Ya yafito dattawa biyu su ba da shaida. Ɗaya mai keke ne, ɗayan ko keken ba shi da shi. Suka gyaɗa kai kamar an tambaye su ko gobe Litinin. Sai ya kawo maganar da ta karya mini gwiwa.

"Ƙanina bai taɓa canja man nan ba tun da ya sayi motar. Ni na hana shi. Shi ya sa ta kai yau. Ke kin fi shi sanin motarsa ne?"

Ni dai hankici nake gani ranar Asabar, ban san abin da mijina yake yi a gareji ba. Na ji kunyar a ce matar mamaci ta rushe abin da mamaci ya tsara. Ni da nake koya wa yaran mutane su yi tambaya kafin su yarda, na haɗiye wannan shirmen ba tare da ruwa ba. Litinin ta zo ta wuce, ban je Mafoni ba.

Ranar tafiya muka tashi da safe. Dutsen kabarin yana cikin but a bayan mota, da kwalin busasshen kifi da na sayo a Baga Road don tsaraba, yara a baya, babban injiniya a gaba yana kaɗa makullai. Mun fita gari kaɗan a hanyar Damaturu, wadda ake zagayawa ta kanta zuwa kudu, sai inji ya hau ihu, mota kuwa ta ƙi gaba. Na taka, ihu kawai. Na sa ribas, ta tafi sumul. Gaba dai ta rantse ba za ta je ba.

Kun san abin da mutumin nan ya ce? "Kin gani ko? Zare-zaren gejin nan da kike yi duk Asabar. Iska ta shiga."

Wallahi da ba don yara ba, da na manta shi wan mijina ne.

Ba a barin mota a bakin wannan hanyar, kuma ni kaɗai ce mai tuƙi. Wan mijina ya tare bas, ya ɗauki dutsen da kifin da yarana suka wuce. Kafin a jawo ni da motar zuwa Mafoni, motocin kudu sun gama tashi. Washegari da sassafe aka kafa dutse a kan kabarin mijina, ni ina zaune a kan benci a gareji.

Dattijon bai ce mini "na gaya miki" ba, da ma ya faɗa da na fi jin sauƙi. Ya kwance kwanon da ke ƙasan giya, ya nuna mini filtar, ta toshe da baƙin gari. "Cikin giyar ke nan, Malama. Ta mutu."

Yana wanke kwanon da fetur sai ya tsaya, ya kira ni. A gefensa akwai zane-zane da aka yi da ƙusa, a jere, guda tara, da harafin farko na sunan mijina, da irin lanƙwasar da yake masa a wasiƙa.

"Mai motar nan ya san aiki," in ji shi. "Duk canjin mai da filta, zane ɗaya."

Bayan na tara akwai fili. Na sa yatsa a wurin, na yi kukan da ya kamata in yi a bakin kabari.

Da wan mijina ya dawo, ya zo gida ya zauna yana ba ni labarin yadda taro ya yi kyau, da yadda mutane suka yi ta tambaya ina matar. Na shiga ɗaki na ɗauko kwanon da na taho da shi daga gareji, na ajiye masa a kan tebur, na gaya masa ma'anar zanen. Ya sa tabarau, ya shafa zanen da yatsa, ya duba, ya daɗe yana dubawa.

"Ai ni na koya masa," in ji shi.

Na ɗauke kwanon, na goge inda ya taɓa da hankicin marigayi, na mayar ɗaki. Ranar, a karon farko tun da aka kawo ni gidansu, ban zuba masa abinci ba.