Ƙafar Aro a Motar Babana

Lokacin da nake yaro a Tsibiri, gidanmu ne kaɗai a unguwa ake shiga a tarar da mota a tsakar gida. Babana ya kwance wani ɓangare na danga ya shigo da ita, shanun huɗa suna janta, domin a lokacin ko tari ba ta yi. Tsohuwar a-kori-kura ce mai jan ƙafa huɗu. Ya samo ta a bayan wani gida a Talata Mafara, ba gilashi, ba kujera, kaji har sun saba yin ƙwai a cikinta.

Baba ba bakanike ba ne. Ya yi yaron mota a samartakarsa, kuma abin da idonsa ya gani sau ɗaya hannunsa ba ya mantawa. Ya ɗora ta a kan kututturan giginya, ya bi ta gaɓa-gaɓa. Ya ƙara mata ganyen sifirin don ta ɗaga daga ƙasa. Ya ja bututun shaƙar iska ya kai shi sama kusa da rufi, don kada ta sha ruwa idan ta shiga rafi. Ya buga mata bodin katako a baya. Burinsa ɗaya ne. Da damina ta zauna, babu motar da ke isa ƙauyukan wajen Damaga, sai amalanke da jaki, mace mai naƙuda ma a kan amalanken ake fito da ita. Baba ya ce motarsa ce za ta riƙa shiga.

Taku kaɗan daga motar, a gindin rumbu, nan Kaka Hajo take hura wutarta bayan sallar isha'i. Ɗanyen itace take sakawa don hayaƙi ya kori sauro, ta jera mana masara a gefen garwashi. Ni da yayata Ladi da 'ya'yan maƙwabta mu kewaye ta. Ni take ce wa mijinta, kullum da ƙorafi.

"Wanga miji nau, ko goro bai taɓa sawo mini ba, sai dai shi cinye mini masara."

"Ai kin tsufa, Kaka, sakinki zan yi."

"Sake ni mana. Wa za ta kwashe ka da wanga kai kamar tulu?"

Haka take da kowa, bakinta ba ya hutawa. Mutum ɗaya ne kawai ba ta yi wa magana, shi ne Baba, domin shi ne ɗanta na fari. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Idan ya durƙusa ya gaishe ta da safe, sai ta kawar da kai ta amsa wa bango. Idan tana son a kai masa tuwo sai ta ce, "Ku miƙa wa mai ƙarhen can." Ba wanda ya ga abin mamaki a ciki. Kunyar ɗan fari ce, kuma matan garin suna yaba mata a kan yadda ta riƙe ta. Mu yara mun ɗauka ba ta damu da shi ba, sai dai mun lura ba ta taɓa kwanciya kafin ya fito daga ƙarƙashin motar.

Aiki ya yi nisa, inji ya tashi, sai abu ɗaya ya tsaya wa Baba: aksul na gaba, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin gaba. Nata ya ruɓe, kuma an nema har Gusau ba a samu ba. Akwai irin motar guda ɗaya a yankin, ta wani direba mutumin Kaya da ake kira Bawa, wanda ya kife da ita a maƙetarar rafi a daminar da ta wuce, ya rasu. Gawar motar tana nan a bakin rafin, ciyawa ta fito ta cikinta. Baba ya je ya nemi 'yan'uwan mamacin, suka yarda, ya kwanto aksul ɗin ya ɗauko shi a amalanke.

A lanƙwashe yake. Baba ya yi abin da kowane manomi yake yi wa galmarsa idan ta karkace: ya kai shi maƙera, aka zuga masa wuta har ya yi ja, aka yi ta dukansa da masaba har ya miƙe. Da aka dawo da shi, Kaka ta zo wucewa da butarta, ta tsaya a kansa. Ita ɗiyar maƙera ce, a bakin zugazugi ta girma. Ta duƙa ta shafa wurin da wuta ta ci, ta ƙwanƙwasa shi da zobenta, ta saurara. Ta ɗauki butarta ta wuce.

Da yamma ta aiki Ladi. "Tahi ki ce ma ubanki, ƙarhen da ya taɓa durƙusawa anka tashe shi da wuta, ba a aza mai rai bisa."

Ladi ta je ta faɗa, rabin maganar ya zube a hanya. Baba ya yi dariya daga inda yake kwance. "Ki ce ma Inna wanga ba lauje ba na. Ƙarhen Turawa na."

Ladi ta kawo amsa. Kaka ta ci gaba da tsinke zogalenta.

Daren da Baba yake ɗaure notunan ƙarshe, ya rataya fitilar ƙwai a jikin motar, ƙafafunsa kawai muke gani. An yi ruwa da la'asar, kwaɗi suna ta kuka a bayan gida. Kaka ta gyara zama. Na lura ta juya tabarmarta, ba mu take fuskanta ba, motar take fuskanta. Ta kuma ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ga ta nan tahe, ku ba ta wuri."

Muka ce, "Ta shigo ta zauna."

Ta ce wani falke ne yake da takarkari guda ɗaya, wato san ɗaukar kaya, da shi yake fatauci. Rannan takarkarin ya karye a ƙafar gaba. Falke ya shiga daji yana neman dabara, har ya iske mushen wani sa a bakin gulbi, ungulaye sun gama da shi, saura ƙasusuwa. Ya zare ƙashin ƙafa, ya kawo gida, ya gasa shi, ya ɗaura wa takarkarinsa. Da gari ya waye takarkari ya miƙe, har ya fi da sauri. Ya riga kowa isa kasuwa, ya riga kowa dawowa. Mutane suna ta cewa falke ya iya dabara. Amma kullum da dare, idan gari ya yi shiru, sai a ji ƙafar tana waƙa a turke. Kaka ta rera ta da wata siririyar murya da ban san tana da ita ba:

"Ni ƙahwar aro, ni ƙahwar aro,
tudu naku na, gulbi nau na,
in na ji sanyin ruwa, gida za ni."

Ladi ta matso jikina. A ƙarƙashin mota kuma ƙarar sifana ta tsaya.

Kaka ta ce mutum ɗaya ne a gidan yake jin waƙar, uwar falke. Tana ji, ta kuma san abin da ƙafar take nufi. Sai dai tsohuwar tana da guntun ruwa a bakinta, ba ta iya magana. Ta yi masa nuni da hannu, ya ɗauka sauro take kora. Ta tsaya a bakin ƙofa, ya ɗauka rakiya ce. Ranar da hanya ta bi da shi ta gulbi, ƙafa ta taɓa ruwa, sai ta durƙusa a daidai inda mai ita ya durƙusa. Ruwa ya tafi da takarkari da kaya da falke.

Ni ne na kasa haƙuri.

"To Kaka, mi ya hana ta tohe ruwan?"

Ta daɗe tana tona garwashi da kara. "Riƙo anka ba ta," in ji ta, "tun ran da ta haihe shi."

"Wa ya ba ta?"

"Waɗanda su ma anka ba su."

Ba ta rufe tatsuniyar ba. Baba ne ya rufe mata daga ƙarƙashin motar, da muryar wasa: "To, kan ɓera ya ƙone, tatsuniya ta koma gida. A kwashe yara, sauro na ci nasu." Sifana ta ci gaba da ƙara. Muka tashi muka bar Kaka zaune, masarar da ta gasa wa kanta ta zama gawayi.

Da sassafe ranar Talata motar ta fita ta inda aka kwance danga. Unguwa duk ta fito kallo. Baba zai shiga wajen Damaga ya kwaso mutane da kayansu zuwa kasuwar Mafara. Ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakin Kaka ya ce, "Inna, zan tahi." Ina tsaye a gefenta. Na ga leɓenta yana motsi. Ta dubi fuskarsa, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Sannan ta kawar da kai, ta ce da ni, "Ka ce ma mai motar Allah shi kiyaye hanya."

Ya ƙetare rafin lafiya a tafiya, motar ba kaya. A dawowa ne, da buhuna da mutane a baya, suna gangarawa cikin ruwa aksul ɗin ya karye a daidai inda aka gasa shi. Motar ta kifa ta gefen direba. Mutanen baya duk suka fita, wasu da rauni. Baba sitiyari ya danne shi, ruwan kuma bai kai ƙirjin mutum ba. A nan ya cika. Wasu sun ce a wurin da Bawa ya faɗi ne, wasu sun ce akwai 'yar tazara. Ban taɓa zuwa na duba ba.

Bayan an share makoki Kaka ta ci gaba da hura wutarta a gindin rumbu, amma ba ta sake yin tatsuniya ba. Mu ma ba mu roƙa ba. Wata rana muna zaune, tana kallon kututturan giginyar da suka rage a tsakar gida, sai ta ce, "Sahabi." Sunan Baba ke nan. A hankali ta faɗa, kamar mai kiran yaro ya zo ya ci tuwo. Ta saurara. Ta sake cewa, "Sahabi." Mahaifiyata ta fito daga ɗaki da gudu, ta tsaya, ta toshe bakinta da gefen zane. Daga ranar kusan kullum sai ta kira shi, har aka zo aka tafi da ita Bakura wurin ɗiyarta, inda ta rasu. Ni kuma aka kai ni Mafara wurin wani mai gareji, a can na girma.

Yanzu ga ni da furfura, ina gyaran irin waɗannan tsofaffin motoci a ƙofar gidana, da yamma kuma ina zuwa ajin manya, inda na koyi rubutun da nake yi yanzu. Na daɗe ina ɗauka darasin tatsuniyar a kan ƙarfe yake. Ban taɓa miƙar da aksul da wuta ba, kuma duk wanda ya kawo mini wanda aka gasa, nakan ce ya ɗauki abinsa. Sai da na haifi ɗa na gane rabin labarin kawai na riƙe.

Ɗana na fari sunan Baba ya ci, don haka Abba muke ce masa. Uwarsa, Kulu, ko Abban ba ta faɗa, sai dai "yaron nan". Shi ma direba ne, ƙauyukan Maradun yake shiga da motar da na haɗa masa da hannuna. Ƙarfenta ba na shakkarsa. Abin tsoro a hanyar yanzu ba rafi ba ne, mutanen daji ne. Kwanakin baya labari ya zo cewa hanyar ba lafiya, shi kuma ya riga ya yi lodi. Da asuba na ji Kulu tana tashin ƙanwarsa, tana raɗa mata, "Je ki ce wa yayanki..."

Na ce, "Kulu, bar yarinyar ta yi barcinta. Ga shi can a zaure. Je ki da kanki."

Ta dube ni kamar na ce ta fita ba mayafi. "Malam, ɗan fari ne fa. Mi mutane za su ce?"

"Su ce abin da za su ce. Na ga wadda anka yaba ma wagga kunya. Na ga kuma yadda ta ƙare."

Ta ja mayafinta ta nufi zaure. Ban bi ta ba, amma na ji ta ce, "Abba, ni ce uwarka. Kada ka tahi yau."

Ba na zargin Kaka. Abin da aka koya mata shi ne so, kuma ta riƙe shi har ya ƙone ta. Ban kuma sani ba ko da ta buɗe baki Baba zai saurara, domin mutum ne mai kafiya, kuma kwana idan ya ƙare ya ƙare. Abin da na sani shi ne da ta faɗa, da sauran shekarunta ba su tafi a kiran wanda ba zai amsa ba.

Abba bai tafi ba ranar. Ya sauke lodinsa, ya wuni a gida yana satar kallon uwarsa kamar baƙuwa. Da mako ya zagayo ya tafi, domin abinci a hanyar yake. Har yanzu yana tafiya. Idan la'asar ta yi sanyi ni da Kulu mukan zauna a ƙofar gida, kowa ya kasa kunne wajen titi.