Kunnen Hagu na Malam Nuhu Tela

Idan ka shiga layin shagunan Malali ka tambayi Malam Nuhu tela, kowa zai nuna maka shi, amma da wuya a fara yi maka zancen ɗinki. Ɗinkinsa ba laifi, yana zuba wa mutum kaftani daidai jiki. Sai dai abin da ya yi suna a kai, kunne ne. Mutumin Funtuwa ne, ya sauka Kaduna yana saurayi da keken ɗinki da 'yar rediyo, kuma har yau da furfura ta cinye rabin gemunsa ba ya taka keke sai da kiɗa a kunne.

Shagon da ke jikin nasa na Markus ne, mai sayar da caja da rigar waya da iyafis. Duk sabon iyafis da ya shigo, kafin Markus ya rataye shi sai ya miƙo wa maƙwabcinsa ta taga. To, nan fa ake ganin sarauta! Malam Nuhu zai ajiye almakashi, ya goge hannu a riga, ya kunna kiɗa guda da yake gwaji da shi, wani gurmi da kalangu da aka ɗauka a bikin ƙanensa. Sai ya runtse ido. Ko mai kayan sallah ne ya shigo a lokacin, sai ya jira.

"Wannan gwangwani ne," in ji shi, "kalangun ma kamar ana dukan kwanon sha." Wani iyafis ɗin kuma sai ya ce ya cika gurnani, ya haɗiye muryar mawaƙi. Idan ya dace da mai kyau, ba ya ko magana, kai kawai zai ɗinga kaɗawa yana murmushi. Har ta kai samarin unguwa ba sa tambayar Markus sunan kamfani, cewa suke, "Malam Nuhu ya ji shi?"

Ana nan Markus, wanda yake kaɗa jita a cocinsu da ke Unguwar Rimi, ya yi wa makaɗan cocin odar irin iyafis ɗin da mawaƙa ke sawa a dandamali, mai zagayowa ta bayan kunne ya toshe shi ruf. Iri biyu aka kawo masa ya zaɓa: wani baƙi, wani kuma garai-garai har kana hango kayan cikinsa. Ya kawo su gaban alƙali.

Malam Nuhu ya sa baƙin, ya yamutsa fuska. Ya sa ɗayan, ya ƙara yamutsawa.

"Markus, an cuce ka. Ɓangaren hagu duk a mace yake."

Aka ɓare wani kwali. Haka. Aka ɓare wani. Haka dai. Malam Nuhu ya hau faɗa, yana tsine wa 'yan kasuwar zamani marasa tsoron Allah. Markus ya sa a nasa kunnen, ya ji komai ras, amma ya jira sai da mutane suka watse, sannan ya matso kusa da shi.

"Maƙwabci, yi mini alfarma. Ɗauki na hagun nan ka sa a kunnenka na dama."

Malam Nuhu ya sa. Gurmi ya fito tar. Ya mai da na daman kunnen hagu, sai ya ji kiɗan can nesa, kamar a gidan maƙwabta ake yinsa. Ya zare abin a hankali ya ajiye. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske, don bai san wane ne Nuhu ba idan babu kunnen nan.

Da ya koma gida ya faɗa wa matarsa Harira, sai ta kwashe da dariya. "Yo Malam, dama can yaushe kake jin maganata? Yanzu dai ka samu hujja." Abin ya sosa masa rai ƙwarai. Ya ɗauka ko a jikinta.

Daga ranar shago ya yi tsit, sai ƙarar keke. Iyafis ɗinsa na rataye a ƙusa. Wanda duk ya kawo gwaji, sai ya ce aiki ya yi masa yawa. Maganar asibiti kuwa ba ya so a tayar, wai gara ya zauna bai sani ba da a gaya masa abin da ba ya son ji. Markus ya gaji da lallashi, wata safiya ya tare Napep a ƙofar shago, ya ce ba zai buɗe nasa shagon ba sai sun je asibitin kunne. Suka tafi, ko Harira ba a gaya wa ba.

Nas ɗin da ta duba shi ta haska kunnen da 'yar fitila, ta daɗe tana leƙe, sannan ta ɗago tana danne dariya.

"Baba, ajiya kake yi a nan ciki?"

Ashe dauɗar kunne ce ta haɗu da burbushin yadi, iyafis yana ta tura ta ciki shekara da shekaru har ta daskare. Aka ɗiga magani, aka jira ya jiƙa, aka wanke da ruwan ɗumi. Sai ji ya yi fau! Fanka, takun takalma, kukan jariri a ɗaki na gaba, duk suka afko masa lokaci guda.

"Kai! Ashe haka Kaduna take da hayaniya?"

Nas ta ja masa kunne a kan ya rage ƙarar kiɗa. Ya amsa da to, har da rantsuwa.

Suna isa Malali ya ce a kawo kwalayen nan. Ya runtse ido, kai ya fara kaɗawa. Baƙin, in ji shi, yana da nauyi a ƙasa, a ba mai ganga. Mai garai-garai ɗin kuwa yana ajiye kowace murya a wurinta, shi ya dace da mawaƙa. Sannan ya leƙa waje ya faɗa da ƙarfi, kowa na ji, cewa kayan Markus lafiyarsu ƙalau, kunnen alƙali ne ya toshe.

Da yamma ya shiga gida da niyyar ramuwa. Ya ɗaure fuska ya zauna a tabarma, bai gaya wa Harira kunnen ya buɗe ba. Harira ta kawo tuwo ta durƙusa ta gefensa na hagu, tana zuba miya. Sai ya ji ta, murya ƙasa-ƙasa, irin ta wanda ya tabbata ba a jin sa:

"Ya Allah, ka dawo wa bawan nan naka da kunnensa. Ka ɗauki nawa in ya zama dole. Ba na iya ganinsa haka."

Malam Nuhu ya daɗe yana kallon tuwon.

"Amin," ya ce, "amma ki bar naki a inda yake."

Ludayin ya suɓuce daga hannunta ya faɗa cikin miya.