Ranar da Ruwan Majema Ya Yi Fari

Har gobe ba na mance ranar da na kai Daraktan ma'aikatarmu bakin rafin nan da ke tsakanin Kankiya da Kusada. Lokacin jihar Katsina tana sabuwa, ni kuma ƙaramin duba-gari ne, wato mai kula da tsabtar gari da ruwan sha.

Wani attajiri ya kafa masana'antar jimar fata a saman rafin, yana sako ruwan sinadari baƙi ƙirin, mai warin da ke hana cin tuwo. A ƙasan rafin akwai wani dattijo, Malam Sale, da lambun albasarsa, abincin gidansa ke nan duk rani. Albasar ta fara ƙonewa tun daga saiwa. Na yi ta zarya ofis har takalmina ya san hanya, ina roƙon a tilasta wa mai masana'antar ya haƙa ramukan tacewa, a zuba yashi da gawayi, a dasa ciyawar kacalla, ruwan ya kwanta kafin ya shiga rafi. Abu ne mai sauƙi wallahi.

Da ƙyar Darakta ya yarda zai zo. To amma ƙa'idarmu, babba ba ya shiga gari sai an sanar da dagaci. An sanar, labari ya kai majema, suka toshe magudanarsu tun ana saura kwanaki. Muka iso muka tarar da ruwa fari tas, har da agwagi.

Darakta ya dube ni sheƙeƙe, ya sa aka kira Malam Sale, ya tambaye shi ko yana da kuka. Ga dagaci zaune, ga attajirin a gefensa. Talaka ya kai ƙarar mutum a gaban uban ƙasarsa da baƙo? Ya durƙusa ya ce lafiya lau, sai godiya. Raina ya ɓaci.

Da za mu tafi Malam Sale ya biyo ni bayan mota, ya ce, “Ɗana, in dai ruwan kuke son gani, ku zo ran da ba ku ce za ku zo ba.”

Ba a sake ba ni motar komawa ba. Kafin damina lambun ya mutu, dattijon ya kwashi iyalinsa ya bar garin.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, ga abin da na koya: mutanenmu ba sa faɗin ciwonsu a gaban manya. Ku bi su bayan mota.