Malam Dakata da Igiyar da Ta Fi Ƙarfin Yayana

Kafin sauran ma'aikata su iso, Malam Dakata ya riga ya buɗe rumfar injuna, ya jingine kekensa a bango, ya rataye rigar gida a ƙusa ya sa ta aiki, wadda asalin launinta sai dai a tambayi telan da ya ɗinka ta. Daga nan sai ya bi injuna kamar mai gaida marasa lafiya: wannan ya leƙa mansa, wancan ya taɓa bel ɗinsa, wani kuma ya girgiza masa kai kawai ya wuce. Shi ne bakaniken ma'aikatar da ke datse bishiyoyin bakin titi, kuma a wannan rumfa gashinsa ya yi fari. Sunan kuwa ma'aikata ne suka laƙaba masa, don duk wanda ya kai hannu zai ja igiyar inji, abin da zai fara ji a bayansa shi ne a dakata tukuna.

A ƙarshen watan jiya ya ajiye aiki. An yi ɗan taro, an sha lemo, an ce mutum ne mai haƙuri da zuwa aiki a kan lokaci. Duk gaskiya ne. Amma akwai abin da ba a faɗa ba a wurin, shi ya sa na ɗauki alƙalami, ni da ban san bambancin sifana da filaya ba sai an nuna mini.

A ƙuryar rumfar akwai injin niƙa rassa, ƙato mai baki kamar mazurari. A cusa masa reshe, ya tauna, ya feso ɓarɓashi ta ɗaya gefen. In ya tashi ba ruwansa da kowa. Tashin ne aiki. Igiyarsa ba inji kaɗai take juyawa ba, har da wata ganga mai nauyi da ke ɗauke da wuƙaƙe. Na taɓa gwada ta ranar da na kai wa yayana saƙo, don in nuna wa jama'a cewa zaman ofis bai kashe mini jiki ba. Igiyar ta fizge ta koma, ni kuma na zauna a ƙasa ba tare da na yi niyyar zama ba. Har yau matar Yaya in ta ga zan ɗaga bokiti sai ta tambaye ni ko a nemo mini mataimaki.

Yayana shi ke tsayawa a bakin injin nan shekara da shekaru. Ya san reshen da zai shiga lafiya, ya san wanda zai yi tsalle ya mari mutum. To, a ma'aikatar akwai wata ƙa'ida da ba wanda ya rubuta amma kowa ya san ta: wanda ya tayar da inji shi ke da shi. Wanda ya kasa sai ya koma jan rassa daga mota zuwa bakin inji, aikin samari ke nan. Ga mai shekarun Yaya, a ce masa koma jan rassa daidai yake da a ce masa tafi gida.

Sai kafaɗarsa ta dama ta fara ciwo. Bai gaya wa kowa ba. Matarsa ma sai da ta ga yana kokawa da riga da hannu ɗaya sannan ta gane. Malam Dakata ya riga ta lura. Sai kawai ya ƙirƙiro wani sabon aiki wai shi gwajin safe. Ya ce injin ya tsufa, dole shi da kansa ya riƙa tayar da shi kullum ya duba lafiyarsa kafin ya miƙa wa mai aiki. Shugaban aiki ya yaba da wannan himma. Yaya kuwa kullum sai ya tsaya a gefe yana mita, wai tsohon nan ya cika ƙa'ida, yana ɓata wa mutane lokaci. Malam ya ce ya yi ta mitar, ai ba ta shan fetur. Kowannensu ya san abin da ake ciki, kuma ba wanda ya yarda ya haɗa ido da ɗan'uwansa.

Haka aka yi ta tafiya har maganar ajiye aiki ta taso. Aka ce wanda zai maye gurbin Malam ba zai zauna a rumfar ba, sai abu ya lalace a kira shi. Shugaban aiki, wanda ba mugu ba ne, idanu ne kawai gare shi, ya ce daga ranar da Malam ya tafi kowa zai koma tayar da injinsa. Da yake faɗa, Yaya yake kallo. Ranar yayana ya dawo gida ya ce ya ƙoshi, mutumin da tun muna yara ban taɓa jin wannan kalma a bakinsa ba.

Abin da Malam ya yi a makonninsa na ƙarshe, a gaban ma'aikata ya yi shi. Ya fara da ƙanana: ya wanke kafireto, ya sa sabon fulogi, ya zubar da tsohon fetur da ya kwana ya wuni a tanki. Ya cire ɗan mariƙin igiyar nan da yatsu biyu kawai ke kamawa, ya sa babba irin na shebur, wanda hannu biyu za su riƙe. Sannan ya shiga babban aikin, wato raba inji da ganga. Ya kwashi guntun ƙarfe da wani fuli, wato 'yar tayar da bel ke hawa, da ya ciro daga mataccen inji ya nufi wajen mai walda, suka haɗa liba. A ɗaga ta, bel ya saki, inji ya tashi ba kaya a kansa. In ya yi zafi a sauke ta a hankali, ganga ta kama juyawa.

A baki abin da sauƙi. Da aka gwada, bel ya yi ta zamewa, warin roba ya kori kowa daga rumfa. Da aka gyara, libar ta riƙa sauka da kanta. Mai walda ya ce shi dai ya gaji. Malam bai yi masa gardama ba, ya kawo masa shayi, ya nemi benci ya zauna a bakin shagonsa yana gaida masu wucewa, har mutumin ya ji kunya ya jawo wayar waldarsa.

Da ƙarfe ya yi biyayya sai ya koma kan mutane. Ashe da an tashi aiki kowa na sauri, sai a kashe injin da itace a bakinsa, guntu ya kwana maƙale a jikin wuƙa, da safe igiya ta ƙi motsi. Sai a lokacin aka gane dalilin da ya sa shekarun nan Malam ke zama na ƙarshen fita: guntayen yake tsayawa zaƙulowa da ƙugiya. Ya koya wa Yaya ya riƙa barin injin ya yi gudu ba komai a cikinsa, ya rufe mai, ya bar shi ya mutu da kansa. Ya nuna masa yadda zai ja igiya a hankali har ta yi tauri, ya ɗan wuce wurin, ya mayar, sannan ya ja da ƙugu da ƙafafu, kafaɗa ta zama 'yar rakiya.

Yaya ya saurara yana hura hanci, sannan ya tambaya duk wannan tarkacen da aka liƙa na mene ne, shi da igiyar ba ta taɓa gagararsa ba.

"Wa ya ce don kai na yi?" in ji Malam. "Don ƙaninka na yi, ko zai sake kawo mana ziyara."

Na yafe maka wannan, Malam. Kai ne ka ga mutum yana nutsewa, ka miƙa masa hannu ta inda ba wanda zai gani. Kai ne da za ka iya tafiyarka a riƙa cewa tun da ka tafi inji ya ƙi tashi, kowa ya san darajarka, amma ka gwammace a manta da wahalar gaba ɗaya, ko da za a manta da kai tare da ita. Mai rufin asirin tsofaffin kafaɗu.

Safiyar farko bayan tafiyarsa ban je ba, direban motar rassa ne ya ba ni labari. Shugaban aiki ya zo ya tsaya ya harɗe hannu. Samari suka bar abin da suke yi. Yaya ya buɗe mai, ya rufe cok, wato makullin iskar inji, ya ɗaga liba, ya kama mariƙi da hannu biyu ya ja. Injin ya yi tari ya yi shiru. Direban ya ce shi kansa sai da ya kawar da kai. Yaya bai yi sauri ba. Ya share tafinsa a wando, ya gyara tsayuwa, ya lallaɓa igiyar har ta yi tauri, ya sake ja. Inji ya kama, rumfa ta ɗauki ƙara. Shugaban aiki ya juya ya tambayi samari ko rassan da ke mota da kansu za su sauko.

Sai Yaya ya ciro waya ya kira Malam. Bai yi sallama ba, ya kara wayar a jikin inji. Da ya mayar da ita kunne, abin da ya ji shi ne:

"Ka manta cok a rufe. Buɗe shi, kana shaƙe mini shi."

Godiyar yayana ke nan, kuma na san shi, ba za a samu wata ba. Shi ya sa na karɓi aikin godiyar a madadinsa. Mun gode, Malam. Allah ya ƙara lafiya, ya sa hutun ya karɓe ka. Ku kuma masu karatu, kowa a wurin aikinsa akwai wata igiya da ke cin kafaɗar wani, mai ciwon kuma ba zai faɗa ba. Wanda ya iya gyara ya gyara kafin ya tafi. Wanda bai iya ba, irina, ko benci ne ya jawo ya zauna a bakin shagon wanda ya iya, har sai ya ji kunya.